Zanen da Ban Ƙirga Ba

Har in koma ga Mahaliccina ba zan manta da wata Talata a laburaren da nake aiki a unguwar Aldwych, nan babban birnin Ingila, ba. Lokacin ina shekara ta shida a sashen tsofaffin littattafai. Muna da wani kabad da kullum yake kulle, cike da littattafan batsa da Turawan Ingila suka buga a ɓoye shekaru aru-aru da suka wuce, wasu har da zane. Masu bincike kaɗai ake ba wa. Ƙa'idar ita ce ka buɗe littafin a gaban mai karɓa, ku ƙirga zanen ɗaya bayan ɗaya, ka sa hannu a fom. In ya dawo da shi a sake ƙirgawa.

Ran nan sai ga Bilkisu, 'yar aminina Alhaji Sani na unguwar Edmonton, yarinyar da na ci naman sunanta. Tana digiri na uku kan yadda hukuma ta riƙa farautar masu buga irin waɗannan littattafai. Ta russuna ta gaishe ni, ta miƙo takardar nema kanta a sunkuye. Da na ga lambar kabad ɗin, wallahi ji na yi kamar ƙasa ta tsage in shige. Ni da take kira Kawu, in buɗe wannan abu a gabanta muna ƙirgawa? Na ɗauko shi a rufe, na kwafi adadin zane sha biyun da ke rubuce a jikin katinsa, na sa hannu, na tura mata ina kallon bango.

Da la'asar na tafi salla, Bilkisu ta dawo da littafin, abokin aikina ya karɓa. Ya ƙirga ya sami sha ɗaya.

Ina dawowa aka ce shugabar sashe na jirana. Na tarar da Bilkisu zaune a ofis, fom na kan tebur. Shugabar, wata Baturiya, ta ce idan da sha biyu na miƙa, to a hannun yarinyar ɗaya ya ɓata. Za a karɓe katinta na laburare, a kai ƙararta jami'a, karatu ya ƙare ke nan. Ni kuma na san sa hannun ƙarya a wurin nan kora ce, babu lallashi.

Bilkisu ta san sarai ban buɗe ba, amma ko uffan ba ta ce ba. Tarbiyya ta hana ta ƙaryata babba a gaban bare. Hawaye kawai take sharewa da gefen mayafi, abin ya ƙona mini rai.

Shugabar ta dube ni ta ce, "Malam Habu, ka ƙirga?"

Na ce, "Ban ƙirga ba. Ko buɗewa ban yi ba."

Ta nemi dalili, na ce kunya ce. Ta kalle ni, da gani ba ta gane ba. Nan take aka sallami Bilkisu, ni kuma aka dakatar da ni mako biyu. Daga baya mai gyaran littattafai ta duba littafin ta gano inda aka yanke zanen da ya ɓata, ta ce tsohon yanka ne, har bakin takardar ya dafe. Na koma aiki da takardar gargaɗi, ba a ƙara ba ni makullin kabad ɗin ba.

Don haka ku sababbin zuwa, komai munin littafi, ku buɗe ku ƙirga, ko gaban surukinku ne. Kunyata ta minti biyu saura ƙiris ta cinye wa yarinya wahalar shekara huɗu, kuma da na ce na ƙirga, wallahi shiru za ta yi ta ɗauki laifin.