Ɗan Farin Malam Jaɓɓo

Har gobe ban manta da wata Talata ba, a shekarata ta biyu ina tafinta a wani asibiti a Panyu, ƙasar China. Aikina in tsaya tsakanin likita da mutanenmu. A lokacin ji nake rabin likita ne ni, har rigata fara ce.

Aka kawo Malam Jaɓɓo, Bafulatanin daji daga Nijar, wanda ya tashi yana bin shanu, yanzu yana saro kayan babur. Abokin ɗakinsa a unguwar Dengfeng ya ce ba ya ci, ba ya barci, kuma yakan daɗe tsaye bakin taga a hawa na goma sha takwas. Tagar nan ce ta tsorata abokin.

Likitar, wata dattijuwa 'yar China, ta ce in tambaye shi damuwarsa.

Ya ce, "Ba komai, Malam, sai alheri."

"Yara nawa?"

"Biyu."

Abokin ya ce, "Uku dai."

Ni sarkin wayo sai na ce wa likita, makiyayi ne, ya fi iya ƙirga shanu. Na ƙara da cewa gyambon ciki ne, a ba shi magani ya tafi. Ba ta yi dariya ba. Ta ce ta yi aiki da wata ƙabila da ake kira Roma a Turai, masu yawo irin nasa, ba su cika faɗa wa baƙo ciwon zuciyarsu ba. "Je ka gano na ukun."

A waje abokin ya gaya mini. Ɗan farin Jaɓɓo ne, saurayi, ya rasu wajen ƙaurar damina, an binne shi a hanya, ruga ta tashi. Ɗan fari kuwa ba a kiran sunansa, balle a yi masa kuka a gaban mutane. Kunya ta kama ni, don ni ma ɗan fari ne, mahaifiyata ba ta taɓa kiran sunana ba.

Da na gaya wa likita, ta ce kar in ambaci mamacin, in tambaya wace saniya ya fi so a garken. Jaɓɓo ya ce, "Wata ja ce. Ba ta yarda da kowa sai shi." Na gane ɗan yake nufi. Ya yi awa guda yana labarin saniyar nan, hawaye na zuba. Ya riƙa dawowa duk mako, ya kuma koma ɗakin ƙasa.

Ku da kuka shigo aikin nan, ku ji tsoron "ba komai". Saura kaɗan in sallami mutum da maganin ciki, ya koma bakin taga.