Mai Auna Cikinsa a Ƙofar Likita

Sau biyu mai sharar asibitin tana share ƙarƙashin bencin nan, har yanzu mutumin ya ƙi zama. Yana zuwa bakin taga, ya dawo ƙofar likita, ya sake komawa. Wuyansa siriri, kafaɗu duk ƙashi, cikin kuwa ya yo gaba ya ɗame riga. Rigar ce ta tsaya mata a rai: an farke gefe da gefe an ƙara ƙyalle, ɗinki tsaf. Wannan tela ne, in ji zuciyarta, da hannunsa ya yi ƙarin, kuma kekensa na can a rufe, ɗinkin mutane a jibge.

Wata mata, da alama ƙanwarsa ce, tana riƙe da takardun gwaji. "Yaya, ka zauna mana. Ruwa ne ya taru, suna zargin tarin fuka na hanji. Zargi ne kawai."

"Ni da ko tari ba na yi?"

"Ai shi ya sa suka ɗebi ruwan su duba."

Ya juya wa mutane baya, ya zaro tef ɗin awo, ya zagaye cikinsa, ya danne da babban yatsa. Ya daɗe yana kallon lambar.

"Nawa?" in ji ƙanwar a hankali.

Yana naɗe tef ɗin, bai dube ta ba. "Inci biyu na ƙara wa rigar nan ranar Asabar. Har ya cinye su."