Makirfon Yaya da Amshin Inna

Yayana ba mugu ba ne. Gara in fara da wannan kafin wani ya ji labarin ya yanke masa hukunci. Kunne ne ya yi masa yawa, shi ke nan laifinsa. A layinmu ba mai kiran sa da sunansa, Kunnuwa ake ce masa tun yana ɗan gajeren wando. Ana tsakiyar hira sai ya ɗaga hannu ya ce a yi shiru, wai firjin maƙwabta ya canza kuka. Mu yi ta yi masa dariya, bayan kwana biyu sai ka ga mai gyara ya shiga gidan da jakarsa.

Da ya girma ya koyi gyaran rediyo, daga baya ya kama wani ɗan ɗaki a saman shagon mai wanki da guga. Ya bi bango ya manna kwalin ƙwai da tsofaffin barguna, ya kafa tebur da kwamfuta, ya ce situdiyo ne. A nan ya ƙare ƙuruciyarsa. Yana ɗaukar tallar shaguna, da waƙar ƴan makaranta, da ta samarin nan masu ganin duniya ce kawai ba ta gano su ba tukuna. Mutum zai maimaita layi ɗaya har maƙogwaronsa ya bushe, Yaya yana girgiza kai. Kuma yana da wata ɗabi'a da yake alfahari da ita: duk abin da bai fito tas ba, nan take yake goge shi.

"Ba na ajiye shara," haka yake cewa. "In ka ajiye, wata rana wani zai ji ya ce aikinka ne."

To, ga Mama da Inna. Inna ƙanwar Mama ce, ciki ɗaya. Tun kafin a haife mu suke ɗinki tare a ɗakin da ke bakin ƙofar gidanmu, keke biyu suna kallon juna, na Mama ta wajen taga, na Inna ta wajen ƙofa. In aiki ya yi daɗi sai su kama waƙa. Waƙoƙin Kaka ne, uwarsu, ita ta ƙirƙira abinta tana ɗinki, ba wanda ya san su a duniyar nan sai su biyu. Mama ke bayarwa, Inna ke amshi. Mama ta ce, "Zare ya ƙare rana ba ta faɗi ba," Inna ta karɓe da siririyar muryarta, "Ƙulla wani, ƙulla wani," tana yi kamar za ta fashe da dariya. Mu yaran ba mu taɓa koya ba. Abin da kake ji kullum, ina za ka yi tunanin zai ƙare?

Ni ce na fara tayar da maganar, da na ga gashin kansu ya yi fari fat kuma Inna ta fara lalube wajen saka zare a allura. Na ce, "Yaya, kana ta ɗaukar muryar ƴaƴan mutane, ga iyayenka nan. Ka ɗauke su mana."

Ya ji daɗin maganar, wallahi ya ji. Ya zo har ɗakin ɗinki ya durƙusa ya yi musu alkawari cewa zai ɗauke su ɗauka irin ta manyan mawaƙa. Tun daga ranar matan nan suka ɗau kansu da zafi. In na fito da wayata zan naɗi ko kaɗan ne, sai su yi gum.

"Mayar da abarki jaka," in ji Inna. "Muna da ɗa mai situdiyo za mu yi waƙa a cikin waya? Ashe ma raina mu kika yi."

Sai Yaya ya shiga neman makirfo. Na ce masa, "Ba ga su nan reras a ɗakinka ba?" Ya dube ni kamar na zage shi. Wai waɗannan suna ƙara wa murya kaifi, muryar tsohuwa za ta fito kamar ana kankare tukunya. Abin da ya dace da su shi ne makirfo mai ribon. Ya zauna ya yi mini bayani: wani ɗan siririn ƙyallen ƙarfe ne a ciki, bai kai ɓawon albasa kauri ba, an rataye shi tsakanin maganaɗisu, murya na taɓa shi sai ya motsa. Shi yake fitar da murya da taushinta, yadda kunne yake jin ta a ɗaki. Kuma ba kowanne ba, sai mai sitiriyo, wato mai ribon biyu a jiki ɗaya, ɗaya yana sauraron hagu ɗaya dama.

"Ba zan raba su ba," ya ce. "Kowacce ta zauna a kekenta. In kin sa hedifon ki ji Mama a wannan kunnen, Inna a wancan, kamar kina zaune a tsakiyarsu kina yarinya."

Gaskiya da ya faɗi haka sai da jikina ya yi sanyi. Na ce to, Allah ya taimaka.

Masu kyan gaske ba na irinmu ba ne, shi ma ya sani, don haka masu araha ya shiga bi. A nan wahalar ta fara. Kullum na leƙa situdiyo zan same shi da hedifon a ka, ya rufe ido, yana sauraron gwajin da wasu suka yi suka sa a intanet. Wannan an ce ribon ɗinsa yana saki da wuri. Wancan hagunsa ya fi damansa ƙarfi. Wani muryarsa ta yi duhu, wani kuma ba a samun mai gyara shi in ya tsinke. Ni duk iri ɗaya nake jin su. Damina ta zo ta wuce yana zaɓe.

Daga ƙarshe dai makirfon ya zo, a cikin ɗan akwatin katako, dogo siriri kamar muciya. Yaya ya kafa mana dokoki kamar an kawo jariri. Ba a hura masa iska don gwaji, ribon ɗin zai tsinke. Ba a kwantar da shi, a tsaye yake kwana. Ba a kunna fanka kusa da shi. Akwai ma wani maɓalli a na'urarsa mai tura wuta cikin makirfo, ya samo salatif ya liƙe shi don kada hannu ya kai.

Wata safiya ya kwaso kayansa ya kawo gida. Inna ta sha kwalliya har da turare. Na ce, "Inna, murya fa za a ɗauka, ba ƙamshi ba." Ta ce, "Ke ina ruwanki, ai makirfon baƙo ne." Ya kafa shi a tsakanin kekunan biyu, ya kashe fanka, ya ce su yi kamar ba ya nan. Da farko kunya ta hana su. Can Mama ta taka kekenta, Inna ta bi, sai waƙa ta ɓalle. Sun yi ta zare, sun yi ta allurar da ta ɓata a tabarma, sun yi wata ta mai kayan da ya zo karɓa ba a gama ba, wadda a tsakiyarta Inna ta kasa daurewa ta yi dariya har da tari. Ban taɓa jin sun yi kamar ranar ba.

Da aka gama ya ba ni hedifon. Wayyo Allah. Ga Mama nan a hagu, ga Inna a dama, ga ƙarar feda a ƙarƙashinsu. Hawaye suka zubo mini. Na juyo in yi masa godiya, sai na ga ya haɗe rai.

"Ba ki ji ba?"

"Me?"

"Hucin nan. Shiiii. Saurara da kyau."

Na saurara. Akwai shi kam, can ƙasa, kamar yayyafi a kan rufin maƙwabta. Ya ce makirfo mai ribon muryarsa ba ta da ƙarfi, sai an bi da ita ta wata na'ura mai ɗaga ta, wadda suke kira firiyam. Nasa tsoho ne, sai da ya murɗe shi har ƙarshe kafin muryar tsofaffin ta fito, shi ne ya kawo hucin.

Na ce, "Yaya, wa zai damu da wannan? Ka bar shi haka."

"Gwaji ne kawai," ya ce. "Bari in samo firiyam mai tsabta mu yi na gaske."

A gabana ya danna. Kafin in ce kada, ya goge shi. Na yi masa tas ranar, har Mama ta sa baki ta ce in ji kunya, yayana ne. Shi ko a jikinsa, yana naɗe waya yana murmushi, wai ni ban san aiki ba.

Sai aka koma gidan jiya, yanzu kuma neman firiyam. Dole ya zama mai ɗaga murya sosai ba tare da huci ba, kuma dole ya zama wanda aljihunsa zai iya. Ya aro ɗaya wurin abokin sana'arsa, ya ce yana gurnani. Aka nuna masa wani ɗan ƙarami da ake haɗawa a jikin waya, ya ce sai an kunna wutar nan da ya liƙe kafin ya yi aiki, shi kuma zuciyarsa ba ta kwanta ba, duk da an yi ta gaya masa ba abin da zai sami ribon ɗin. Ya yi odar wani daga nesa, ya zauna jira. Duk zuwan da zai yi gida sai Inna ta tsokane shi.

"Ɗana, haƙorana fa suna ta yin sallama ɗaya bayan ɗaya. Ka yi sauri kafin amshin ya koma iska."

"Ya kusa, Inna. So nake in yi muku abin da ba za a ji kunyarsa ba."

Wata ranar aiki da hantsi, Inna tana kan keke, sai almakashi ya faɗi daga hannunta. Mama ta yi mata magana, ta buɗe baki, ba abin da ya fito. A asibiti aka ce shanyewar ɓarin jiki ce. Ta rayu, mun gode Allah, tana gane kowa, tana jin duk abin da ake faɗa. Amma magana ta tafi.

Tana kwance a asibitin firiyam ɗin ya iso. Yaya bai ko buɗe kwalin ba. Kwamfutarsa ya ɗauka ya yi ta yawo da ita wurin masu dawo da abin da aka goge. Na ƙarshensu ya duba ya ce masa an riga an rubuta wani abu a kan wurin. Tallar wani shagon katifa ce ta hau kai. Da ya gaya mini, na yi niyyar in faɗa masa maganar da ta daɗe a bakina, amma da na ga fuskarsa sai na haɗiye. Mutumin ya tsufa a ƴan makonnin nan. Haushinsa nake ji har cikin raina, kuma tausayinsa ya hana ni sakat.

Bayan an sallamo Inna, Mama ce da kanta ta aika a kira shi.

"Ka yi mana alkawari," ta ce. "Kawo kayanka."

"Mama, ai yanzu..."

"Na ce ka kawo."

Ya kawo. Muka turo Inna a keken marasa lafiya har gaban kekenta na ɗinki, na gyara mata ɗankwali, na shafa mata turarenta. Yaya ya kafa makirfon a tsakiya, ya haɗa sabon firiyam. Mama ta taka feda ita kaɗai ta fara. Ta ba da layinta, ta dakata daidai inda amshi yake shiga. Leɓɓan Inna suka motsa, kanta yana kaɗawa a kan kiɗan feda, idonta ya yi haske. Mama ta jira har amshin ya ƙare a inda ya saba ƙarewa, sannan ta ɗora layi na gaba. Haka suka bi waƙoƙin nan duka, ba su tsallake ko ɗaya ba.

Da aka gama, Inna ta ɗaga hannunta mai lafiya ta nuna hedifon. Yaya ya dube ni, na kau da kai. Ya sa mata a hankali ya kunna. Ni na riga na ji a lokacin da ake ɗauka: tas ya fito, babu huci ko kaɗan. Muryar Mama a hagu kamar ka taɓa ta. A dama kuwa sai numfashi.

Inna ta saurara tana murmushi da rabin bakinta. Da aka zo wurin amshi sai murmushin ya tsaya. Ta kai hannu ta ɗan bubbuga ɓangaren dama na hedifon. Aka zo amshi na biyu, ta sake bubbugawa, ta ciro shi daga kunnenta ta duba cikinsa, sannan ta ɗago ta kalli Yaya tana tambayarsa da ido. A nan na gane cewa ita a wurinta ta yi waƙar.

Yaya ya durƙusa a gabanta ya riƙe hannunta. Mutumin da bai taɓa yi wa kowa ƙarya a kan sauti ba, ko da za a daina kawo masa aiki.

"Laifin makirfon ne, Inna," ya ce. "Mai araha ne, ɓangarenki bai ɗauka ba. Amma kin yi amshinki daidai, na ji ki."

Inna ta harare shi, ta ɗaga yatsa ɗaya ta juya shi a iska, wato a sake. Ya ce to. Ya tashi ya koma wurin na'urarsa, ya juya mana baya ya daɗe yana gyara wayar da ba abin da ya same ta.