Takalmin Sanyi daga Kasuwar Jimeta

Ina da shekara sittin da uku na shiga neman takalmin sanyi, ni da aka haifa a Yola, garin da kwalta ke narkar da silifas ɗin mutum da rana tsaka. Dalilin kuwa 'yata ce, 'yar farina, wadda aikin jinya ya kai ta wata ƙasar Turawa ita da mijinta. Sai da ta shekara shida da aure Allah ya ba ta ciki, lissafin haihuwar kuma ya faɗa tsakiyar sanyinsu, lokacin da suka ce dusar ƙanƙara kan toshe wa mutum ƙofar gida. Da a nan take, tana shiga wata bakwai za a kawo mini ita goyon ciki. Tunda ita ba za ta iya zuwa ba, ai ni zan je. Ban ga abin tambaya a ciki ba, kuma ban tambaya ba.

Sai na faɗi yadda muke da ita, don kada a ɗauke ni mahaukaciya. A gidanmu ba a kiran sunan ɗan fari. Ban taɓa kiran nata ba, har a makarantar firamaren da na koyar, inda ta zauna a ajina shekara guda cur. In na zo kan sunanta a rajista sai in ɗaga kai, in ga tana nan, in wuce na gaba. Da aka yaye ta, uwata ta ɗauke ta zuwa gidanta a Mbamoi, can ta girma har ta isa shiga makaranta. In ta faɗi ta fasa gwiwa a gabana, ƙanwata ce ke ɗaga ta, ni kuwa in kau da kai ina tsintar shinkafa. Mutane suna ta yabona, wai ga mace mai kunya. Na sha yabon nan har ya gundure ni.

Abin da na riƙe a raina shi ne kwana arba'in na jego. Nan ne kaɗai al'ada ke sakar wa uwa hannu. Ki dafa ruwa, ki gasa wa 'yarki jiki safe da yamma, ki dama kunun kanwa ki tsaya a kanta sai ta shanye, ba mai cewa kin yi rashin kunya. Ni ma 'yar fari ce, kuma a cikin wannan kwana arba'in ne na gane uwata tana sona, don tana matsa mini baya da tawul mai zafi tana yi mini faɗa, hannunta kuwa yana faɗar wani abu dabam. Shekara talatin da ɗaya ina jiran nawa ya zo.

Na je na yi fasfo ba tare da na gaya wa kowa ba sai ƙanwata. Duk Lahadi da yamma 'yata kan kira, mu gaisa, ya jiki, ya aiki, ya maigidan. Wata rana na bi ta gefe na tambaye ta, wai in mutum zai zo wurinsu me ake bukata. Ta ce takardar gayyata, sannan biza. Sai ta ce za mu yi maganar. Ni dai na ɗauka magana ta ƙare, saura shiri.

Matsalar farko ƙafata ce. Shekara talatin da biyar na yi a tsaye gaban allo, ƙafar ta baje, ƙashin babban yatsan hagu ya turo waje, in la'asar ta yi kuma duka biyun su kumbura. Lambar takalmina ma ban sani ba, don tun ina budurwa da tsinken tsintsiya ake auna ni a kai kasuwa. Amma duk da haka ni mace ce mai son gayu, ban ɓoye ba. Ban taɓa shiga aji da takalmin da bai dace da ɗankwalina ba, kuma ba a filin jirgin Turawa zan fara ba, a gaban surukina.

Damina na ɗaukewa ƙanwata ta zo daga Vinikilang, ƙetaren Binuwai, muka hau keke zuwa kasuwar Jimeta, layin 'yan gwanjo. Shago uku aka yi mana dariya. A na huɗu wani Ibo mai tumbi, wanda ya daɗe a garin har Hausa ta kama bakinsa, ya ce mu jira. Ya sunkuya ƙarƙashin tebur ya jawo wani buhu da ya ɗaure da igiya. Ya ce irin waɗannan kan zo a cikin dila, ba mai saye, na roba ne kawai masu noman shinkafa a bakin Binuwai ke ɗauka. Ya zazzage su a gabana, wani irin warin ajiya ya tashi.

Uku na ware. Akwai wani baƙi mai faɗin baki da igiya, irin na sojoji, wanda ƙafata ta shige ciki ta zauna lafiya. Akwai wani ja dogo har gwiwa mai tsinin dunduniya, wanda na ɗauka don kawai in ba ƙanwata haushi. Sai na uku, ruwan ƙasa, ya wuce idon sawu da kamar taƙi ɗaya, da zif a gefe, da farin gashi mai laushi a bakinsa, dunduniyarsa gajera mai faɗi. Ina ganinsa na san shi nake so. Ƙafar dama ta shiga ba gardama. Ta hagu kuwa, ina jan zif ɗin ya kama mini ƙashin nan har na ji a haƙorina.

Ƙanwata ta nace a kan baƙin, wai tsohuwa da jin daɗin ƙafa aka san ta. Na ce mata ba aikin gadi zan je nema ba. Mai shagon ya goyi bayana, ko don gaskiya ko don ciniki.

“Mama, wannan fata ne, orijinal, fes gired,” in ji shi. “Ka sa safa biyu, ka sa shi kullum kullum. Wata ɗaya, zai bi ƙafanka. No wahala.”

Na saya. A cikin keke, takalmin yana kan cinyata a leda, ƙanwata ta dube ni ta gefen ido.

“Adda, ita ta ce ki zo?”

Na tambaye ta wa ya aika wa uwarmu takarda lokacin da na haihu. Ita ba 'yar fari ba ce, kuma nata ɗan farin namiji ne, me ta sani.

Na kai wa mai gyaran takalmi na bakin titinmu, ya cusa masa jiƙaƙƙen tsumma da itace ya kwana biyu. Bai yi wani abin kirki ba. Sauran aikin ƙafata ce ta yi shi. Kullum bayan sallar la'asar, lokacin da kumburin ya fi yawa, sai in sa safa biyu, in ja zif, in ɗauki tsintsiya. Wanda ya san zafin da ke dawowa Yola bayan damina ya san abin da nake faɗa. Gumi ya riƙa taruwa a cikin takalmin har in ji yana motsi tsakanin yatsuna. Satin farko ƙashin ya yi ja, sati na biyu fatar wurin ta sale, na riƙa ɗaura auduga ina ci gaba. Matan maƙwabta suna leƙowa ta katanga suna cewa Malama ta shiga soja. Ban ji haushi ba, har daɗi nake ji, don duk wadda ta yi dariya sai ta tambayi ranar tafiya. Kafin wata ya ƙare unguwa duka ta san zan tafi wankan jego ƙasar Turawa. Na daka yaji da kaina, na tankaɗe garin gero, na zaɓi kanwa mai kyau, na shanya ganyen wanka a inuwa na ƙulle a leda.

A sati na shida, wata yamma, na share tsakar gida tas na gama, sannan na tuna ashe takalmin yana ƙafata. Ya daina cizo. Na shiga ɗaki na ɗaura atamfata mai ruwan zuma, na kafa ɗauri, na tsaya gaban madubi. Wallahi na yi kyau. Ƙanwata tana nan ranar, na ba ta waya na ce ta ɗauke ni hoto, daga kai har ƙafa, ta aika wa yarinyar. Ban sa an rubuta komai a ƙasansa ba. A wurina wannan hoton ya fi duk wata magana da na taɓa yi mata tun da na haife ta.

Washegari da azahar ta kira, ba ranar kiranta ba. Ta fara da dariya, ta ce takalmin ya karɓe ni, ko a can irinsa ake yayi. Sannan dariyar ta tsaya.

“Dada, ina za ki da shi?”

Sai ta shiga bayani da sauri, kamar mai karanta takardar magani. Takardar gayyata tun wata biyu da suka wuce aka yi wa uwar mijinta. Biza ta fito, kwana tara suka rage ta tashi. Gidansu ƙarami ne, mutum ɗaya zai iya ɗauka. Hajiyar ta taɓa zuwa, ta san hanya, kuma tun cikin yana wata uku take kira tana cewa ita za ta zo.

“Ban san kina so ki zo ba, Dada,” ta ce. “Ba ki taɓa faɗa ba. Na ɗauka ko na roƙe ki za ki ce kunya.”

Bakina yana nan, harshena lafiya lau. Na koyar da yara dubu yadda ake haɗa jimla. Abin da ya fito daga bakina shi ne, ba komai, ai duk ɗaya ne, ni da Hajiya duk iyaye ne. Har na ƙara da ƙarya, na ce takalmin na gan shi ne a kasuwa ya ba ni sha'awa. Ta ce to, alhamdulillahi, hankalinta ya kwanta. Wannan ne har yau ban yafe ba. Macen da aikinta ke nan ta duba fuskar baƙo ta gane inda ke masa ciwo, ta yarda tsohuwa a Yola ta sayi takalmin dusar ƙanƙara don sha'awa. Ko ta yarda ɗin, ko yardar ce ta fi mata sauƙi. Kaina ma ban yafe wa ba, da duk waɗanda suka yi ta yabon kunyata.

Bayan kwana uku ta sake kira. Ta ce Hajiya ta zaga kasuwa ba ta sami na ƙafarta ba, ita ma ƙafarta mai faɗi ce, ga shi daga jirgi sai sanyi. Tunda ni ba amfani zan yi da nawa yanzu ba, ko zan ara mata.

Ƙanwata da ta ji, ta ce in ce ya ɓata, ko in ba ta ta jefa shi a Binuwai a hanyarta ta komawa gida. Na ce ta rufe mini baki. Na goge shi da mai har ya yi ƙyalli, na taje gashin bakinsa, na haɗa da yajin da garin da kanwar da ganyen, na hau keke zuwa gidan matar a Jimeta.

Da ma muguwar mace ce da na sami abin riƙewa. Ba muguwa ba ce. Ta tare ni tun daga ƙofa, ta shimfiɗa mini darduma, ta kawo ruwa mai sanyi, tana ta godiya da Fulatanci, useko, useko Malama. Ta zauna a kujera ta zura ƙafa, amma ciwon baya ya hana ta sunkuyawa ta ja zif. Babu kowa a falon sai mu biyu. Na sauka na durƙusa a gabanta na ja mata, dama da hagu. Ta miƙe ta taka zuwa ƙofa ta dawo, ta sake takawa.

“Ikon Allah. Malama, ko kaɗan bai matse ni ba. Ni da kowane takalmi sai na yi wata ina fama da shi.”

Na ce haka fata mai kyau take.

Ta buɗe ledar kayan jegon tana dubawa ɗaya bayan ɗaya, sai ta ɗan ji nauyi. Ta ce ita maza huɗu ta haifa, ba ta taɓa yi wa kowa wankan jego ba, nata kuma ta manta yadda aka yi. Ta roƙe ni in koya mata. Ta ɗauko takarda da biro, takalmin yana ƙafarta, na zauna na faɗa mata komai tana rubutawa. Yadda ake gwada zafin ruwa da gwiwar hannu, inda ake fara dannawa da tawul, yawan kanwar da ba za ta yi yawa ba, da cewa yarinyar ba ta son kunu mai kauri, tun tana ƙarama sai an tsinka mata. Ta ɗago ta ce ashe na san ta haka. Da na tashi tafiya ta riƙe hannuna ta tambaya ko akwai saƙon da za ta kai mata daga bakina. Na ce ta gaishe su.

'Yata ta haihu a tsakiyar sanyin, mace, amma haihuwar ta zo da wahala har aka yi mata aiki. Hajiya ta yi mata kwana arba'in ɗin cif, an ce ba ta tsallake ko ɗaya ba. Likitoci sun ce daga wannan ba za ta ƙara haihuwa ba.