Ɗan Tafinta da Jan Layi

A Illo, in ana maganar tafinta, Malam Bunyaminu ake nufi. Tun yana saurayi yake tsayawa tsakanin mai saye da mai sayarwa a kasuwar shanu. Hausa a bakinsa take, da Fillanci, da Dendi, da ɗan Faransancin da zai kai mutum Benin ya dawo da shi lafiya. Mutum ɗaya ne a duniya bai iya magana da shi ba, wato ɗansa na fari, Zayyanu. Kunyar ɗan fari ce irin ta mutanen da. Bai taɓa kiran sunansa ba. In ta kama dole sai ya ce "wancan", in kuma saƙo ne ya ba ƙanensa Namadi, baffan yaron, ya kai, ko da yaron na zaune a tsakar gida yana ji.

Zayyanu ya tashi shiru-shiru. Ya yi makaranta a Bagudo, ya wuce Birnin Kebbi, ya dawo da kwamfuta da dogon wuya. Ya ɗora sola a kan ɗakinsa, ya gano kusurwar da sabis ke kamawa, yau namu gobe na Benin, ya zauna.

Aikin nasa ga shi. Manhajoji ma suna hulɗa da juna, kuma kowace tana da ƙofar da ake bi a tambaye ta abu, wadda 'yan sana'ar ke ce wa API. Dole a rubuta bayanin ƙofar: ga yadda za ka yi tambaya, ga amsar da za ka samu. Wannan bayanin Zayyanu ke rubuta wa mutanen da bai taɓa ganin fuskarsu ba. Da kurakurai suka ishe shi, sai ya ƙera wani ɗan ƙari ya liƙa wa manhajar da ake rubutun a ciki. Kana yin kuskure, ya ja maka jan layi a ƙasa. Akwai doka guda da ya sa masa wadda ba ta da sassauci: in manhaja za ta ƙi biyan bukata, sai an rubuta dalilin ƙin. Mutane a ƙasashe masu nisa suka sauke ƙarin suna aiki da shi, suna kuma ƙorafin ya cika naci. Zayyanu bai cire dokar ba. Tun yana yaro yake jin ubansa ta bayan zana yana cewa tafintan da ya dawo da "ya ƙi" kawai, ɗan kallo ne.

Ana nan sai ya ga Shafa'atu, 'yar Alhaji Na'Allah, manomin shinkafa a Sharabi. Yana so, tana so. Namadi ya ja manya suka je neman aure, suka dawo da amsa: za a duba. Damina ta wuce, aka yanke shinkafa, aka sussuke, ana nan ana dubawa. Zayyanu ya rame, tsoro ya kama shi sosai, don ya ji wani mai motar haya ya fara kai gaisuwa gidan.

"Wagga magana ƙi ta, ba a dai hwaɗi dalili ba," in ji Malam Bunyaminu. Ya sa Namadi ya goya shi a babur zuwa Sharabi.

Alhaji Na'Allah bai ɓoye masa ba. "Malam, mun tambayi danginka sana'ar yaro. Wani ya ce gyaran waya, wani ya ce danne-danne. Mutum ba ya gona, ba ya kasuwa, amma shina cin nama. Kai ka haihe shi, hwaɗa min mi shika yi."

Harsuna huɗu, babu wanda ya kawo wa Malam Bunyaminu ɗauki. Kunya ta rufe shi har gida.

Washegari da hantsi ya yi abin da bai taɓa yi ba, ya yi sallama a ƙofar ɗakin Zayyanu. Ya shiga ya zauna, ya kafa wa kwamfuta ido.

"A tambayi mai injin ga, mi a aikinai," ya ce wa kwamfutar.

Zayyanu ma kwamfutar ya ba amsa. Ya ce wata manhaja na tambaya, wata na amsawa, shi kuma yana tsara yadda za su fahimci juna. Sannan ya goge wani layi, nan take jan layi ya bayyana.

"Mi ya sa ya yi ja?"

"An ƙi, ba a hwaɗi dalili ba."

Tsohon ya ce, "Wa ya koya mai wanga?"

"Cikin gida ya ji."

Malam Bunyaminu ya tashi ya kaɗe riga, ya ce ɗakin ya cika zafi, ya fita neman Namadi da babur.

Zayyanu bai san abin da aka yi a Sharabi ba sai da la'asar, da baffan nasa ya leƙo. Namadi ya ce masa an ba shi Shafa'atu, saura sa rana.

"Baffa, mi ya ce musu?"

"Ya ce kai tafinta na tsakanin injuna, sana'atai ka gada. Alhaji ya ce shaida ba ta yiwuwa da 'wancan', ɗiyanai maza da yawa, wane shika nufi? Tsohon ya dubi ƙasa, har na ɗauka tashi za mu yi. Sai ya ce, 'Zayyanu.' Da bakinai, gaban mutane."

Har yau a gida "wancan" ne, ko ranar ɗaurin aure bai samu ƙari ba. Amma a la'asar ɗin nan Zayyanu ya rufe kwamfuta, ya roƙi baffansa ya sake faɗin ƙarshen maganar. Namadi ya ce shi fa ba tafinta ba ne, ya gyara zama ya maimaita.