Muryar da Ke Ƙarƙashin Waƙa

Kullum ƙarfe takwas na safe Anti Mai Amshi take isa situdiyo, da fulas ɗin ruwan ɗumi a jaka. Takan shiga ɗan akurkin ɗakin da aka manne bangonsa da soso, ta ɗora abin saurare a kunne, ta jira a ɗaga mata hannu ta bayan gilashi. Shekara ashirin da shida ke nan tana haka.

Mawaƙi zai zo da baitoci a waya, ba kai ba gindi. Ita ce za ta fara rera waƙar duka, ta lalubo inda amshi zai faɗo ya kama zuciya, ta rage nan, ta ja can. Shi kuma ya saurara sau goma, ya bi sawunta. Sai mai haɗa sauti ya sauke muryarta ƙasa-ƙasa, ta tallafi tasa kamar ginshiƙi a cikin bango. Waƙa ta fita, ta cika motocin haya da shagunan aski, hotonsa kaɗai a jiki.

Mai haɗa sautin ya shaida ranar da wani tauraro ya kasa hawa wata gaɓa har sau talatin. Ta ce wa tauraron, "Ƙanena, kai dai buɗe baki, ni zan ɗauke ka." Da ya karɓi lambar yabo a kan waƙar, har telansa ya gode wa, amma ban da ita.

Bana likita ya ce maƙogwaronta ya gaji, in ta ci gaba har magana za ta gagare ta. Ranar sallama abu ɗaya ta roƙi mai haɗa sauti.

"Ciro mini waƙa ɗaya, muryata ita kaɗai. Jikata ba ta yarda na taɓa iya waƙa ba. Wai ina magana kamar tsohuwar ƙofa."

Ya duba kwamfuta har ya yi gumi.

"Anti, kin san tsarinmu. Da an gama haɗawa muke goge naki, saboda ƙarancin wuri a kwamfuta."

"Duka?"

"Duka."

Ta ce ba komai.

Anti, ke ce kika goyi waƙoƙin da suka yi suna, aka sauke su daga bayanki ba ko sannu. Gishirin miya, a ji daɗinki ba a gan ki ba. Mun gode, ko da yake godiyar ta makara, kuma ba za ta dawo miki da ko baiti ɗaya ba.

Masu tasowa, ku koyi haƙurinta da tsabtar aikinta. Amma ku nemi naku tun kuna da murya.