Rigar Dogari Nata'ala

Nata'ala mutumin Unguwar Tudu ne, ya shiga soja yana saurayi lokacin yaƙin basasa, ya dawo da ɗingishi da ɗabi'a guda: duk wanda ke ba da oda, shi ne maigida. Da wannan ɗabi'ar ya zama dogarin dagacin wani gari tsakanin Gwarzo da Kabo. Aka ba shi jar riga da ɗaki a ƙofar fada, nan ya tsufa da matarsa Zinnira.

Da siyasa ta juya aka tuɓe dagacin aka naɗa ƙanensa, Nata'ala ko rakiya bai yi wa ubangidansa ba. Washegari ya tsaya bayan sabon, yana wa mutane tsawa. Ni dai da nake ɗan garin abin ya ba ni haushi, amma a ina tsoho zai kwana in ya ƙi?

Sai ga shi an sake juyawa, an maido da na farko.

Zinnira ta ɗaure kayansu tun kafin a ce su fita.

"Malam, mu tafi Getso wurin 'yarmu tun da mutuncinmu."

"Kujera nake wa aiki, ba mutum ba," in ji shi, yana naɗa rawani.

Fada ta cika. Nata'ala ya ratsa jama'a ya zube, gwiwarsa mai ciwo ta ƙi lanƙwasuwa.

"Ranka ya daɗe, barka da dawowa."

A al'ada mai sarauta ba ya amsa gaisuwa da bakinsa, dogari ke cewa an gaishe ka. To dogarin garin kaf shi ne wannan da ke durƙushe. Babu mai amsawa. Kowa ya sunkuyar da kai. Da dagaci zai ce masa tashi ka tsaya a wurinka, shi ke nan an yafe.

Dagacin ya daɗe yana dubansa, sannan ya sauke amawali daga bakinsa, ya amsa da kansa a tausashe, yadda ake amsa wa dattijon da ya zo daga wani gari.

"Sannu da zuwa, Malam Nata'ala. Ka gaida mutanen gida."

Nata'ala ya so ya miƙe ya kasa. Babu wanda ya kama shi.